Shin samfurin gwaji a shafin intanet yana kawo masu saye?

Mai Manhaja, Wuse:
Assalamu alaikum. Mu uku ne muka kafa ƙaramin kamfanin fasaha a Abuja, muka ƙera manhajar da masu shaguna za su riƙa rubuta kayan da suka shigo, da waɗanda aka sayar, da bashin da suke bin abokan ciniki. Damuwarmu ita ce mutane suna shiga shafinmu, amma da zarar sun ga sai an yi rajista kafin a leƙa cikin manhajar, sai su juya. An ba mu shawarar mu sanya samfurin gwaji, wanda 'yan harkar ke kira demo, domin mai ziyara ya danna ya ga aikinta da kansa. Shin ya cancanci kuɗin da za mu kashe, ko bidiyo ya wadatar?

Injiniya, Rayfield:
Wa alaikumus salam. Ya cancanta, Malam, matuƙar ba za ku zuba manhajar gaba ɗaya a ciki ba. Kamfanoni irin su Storylane da Navattic suna kwafe fuskokin manhajarku ne su jera su, yadda mai ziyara zai riƙa bin matakai ba tare da ya taɓa ainihin rumbun bayananku ba, sai dai da dala ake biyan manyan tsare-tsarensu, don haka ni zan fara da Figma, manhajar da ake zana fuskokin manhaja da ita a haɗa su yadda za a iya dannawa. Ku dubi Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet wanda takwaransa na Amurka, Stripe, ya saya a 2020: yana ba masu haɗa manhaja katunan gwaji su biya kuɗin ƙarya kafin su karɓi ko sisi na gaske. Ku zaɓi aiki guda, misali rubuta bashin buhun shinkafa biyu da tura wa wanda ake bin bashin tunatarwa, kuma ku sanya farashi da naira, domin ɗan kasuwa ya ga shagonsa a ciki.

Hajiya Mai Tallace-tallace:
Ina da ɗan ja a nan. Na taɓa miƙa wa wani mai shagon atamfa a kasuwar Wuse wayata domin ya gwada irin wannan samfuri. Shafin yana ta juyi saboda raunin sabis, sai ga mai saye ta shigo, ya ajiye wayar a kan bandir ɗin shadda, bai sake waiwayarta ba. Irinsa gajeren bidiyo a WhatsApp ya fi kama shi. Ko Dropbox, kamfanin ajiye fayiloli a intanet, da bidiyo ya fara, kuma Drew Houston, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya ce masu jiran manhajar sun tashi daga 5,000 zuwa 75,000 a dare ɗaya. Samfurin gwaji ya fi amfani ga masu manyan kantuna da akantocinsu, waɗanda ke zaune gaban kwamfuta.

Lauya, Garki:
Ku kiyayi sanya sunaye ko lambobin wayar abokan cinikinku na gaskiya a cikin samfurin. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi wannan, kuma idan za ku nemi imel ɗin mai ziyara, wajibi ne ku bayyana masa abin da za ku yi da shi.

Mai Manhaja, Wuse:
Na gode ƙwarai. Hajiya, bidiyon da Hausa za mu yi shi, ko mu haɗa da Turanci? Yawancin waɗanda muke hari a Wuse da Dei-Dei da Hausa suke ciniki.