Littattafan yaran Amish, sun dace da yaranmu kuwa?

Maman Ishaku:
Salama 'yan uwa, tambaya gare ni don Allah. A Ohayo muke zaune, ran Asabar maigida ya kai mu yankin Holmes inda 'yan Amish suke da yawa, Kiristocin nan masu keken doki, to a wani shagon cuku da kayan ɗinki na ga littattafan karatun yara na Pathway, na ɗauko biyu don da araha. Muna dawowa Ishaku ya buɗe ya ce mama ina mutanen? Na duba, ashe ba hoton mutum ko ɗaya, daga doki sai kaji sai hula rataye a ƙusa. Labaran dai sun min, yaro ya yi ɓarna ya ɓoye, abin ya dame shi har ya je ya faɗa wa babansa gaskiya. Amma kafin in sayo sauran, su waye ke buga su, kuma akwai koyarwar da ta saɓa wa tamu?

Malama Saratu:
Maman Ishaku kin yi tsintuwa. Su Amish ɗin ne da kansu suka kafa Pathway a 1964 a Aylmer can Kanada, saboda makarantunsu, don yaransu a aji takwas suke tsayawa, kotun ƙolin Amurka ma ta yarda musu da haka a 1972. Maganar hoto kuwa, gudun girman kai ne da kuma yadda suka fahimci Fitowa 20:4, ayar da ta hana yin gunki ko siffar wani abu. Abin da ya fi burge ni, yaransu a gida wani karin Jamusanci suke yi, sai a makaranta suke kama Turanci sosai, shi ya sa littattafan farko suke tafiya a hankali, kalma ta dawo ta sake dawowa, 'yata da Hausa kawai take ji lokacin da muka zo da su ta koyi karatu. In kina son wanda labaran Littafi Mai Tsarki ne zalla a ajin farko, nemi na maɗaba'ar Rod and Staff, 'yan Mennonite ne, wata ɗariƙar Kirista mai kusanci da Amish, a Kentaki tun 1958, sai dai nahawunsu akwai wuya gaskiya. Koyarwa kuma Yesu ɗaya ne, amma za ki ga batun sutura, ɗaurin kai, ƙin talabijin, da cewa Kirista ba ya ɗaukar makami ko aikin soja.

Baban Joy:
Wannan na ƙarshen ne ya sa na ajiye su. Ƙanena soja ne, ba zan bari yaro ya karanta ya fara kallon baffansa kamar mai zunubi ba. Kuma komai gona ne da tatsar saniya, yaron da ke hawa na uku a birni me ya haɗa shi da wannan.

Bitrus ɗan Mubi:
Yayana Baban Joy na ji ka, amma ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuma koyarwar rashin ramuwar nan tamu ce tun farkon cocinmu a Garkida a 1923. Akwai wani ƙaton littafi da gidajen Amish da yawa ke ajiyewa kusa da Littafi Mai Tsarki, Martyrs Mirror, labaran waɗanda aka kashe saboda bangaskiyarsu, tun 1660. A ciki akwai Dirk Willems, ɗan Holan, ya gudu daga kurkuku a 1569, mai bin sa ya rufta cikin ƙanƙara, Dirk ya juyo ya ciro shi, sai aka sake kama Dirk ɗin aka ƙone shi. A 2014 da muka gudu daga Mubi da ƙafa, muna sansani ɗana ya tambaye ni baba in mun koma za mu rama ne, na rasa abin cewa, labarin nan na ba shi, har yau yana tunawa. Amma Maman Ishaku kar ki miƙa wa ƙaramin yaro wannan ya karanta shi kaɗai, zanen azabar da ke ciki yana da nauyi.

Maman Ishaku:
Allah ya saka muku. Zan sayo na aji ɗaya da na biyu tukuna, mu riƙa karantawa tare bayan addu'ar dare, in mun zo wajen da ya bambanta da na cocinmu sai in tsaya in yi masa bayani. Malama Saratu na Rod and Staff ɗin a shago ake samu ko sai an yi oda?