Taƙaitawa: kuɗin ɗumama gida a Ingila da shigowar kaka

'Yan'uwa, ga abin da na tsinta daga maganganunmu kan yadda za a rage kuɗin ɗumama gida:

1. Daga Oktoba sanyi na shigowa, dare na tsawo, hita na daɗewa a kunne. A watan ne kuma Ofgem, hukumar da ke sa ido kan harkar makamashi a Birtaniya, ke sabunta iyakar farashin gas da lantarki.
2. Kowa ya yarda a toshe kafofin iska, musamman ƙarƙashin ƙofa. A ja labule mai kauri da magariba, amma kada ya rufe hita.
3. Zafin ɗaki ya tsaya tsakanin digiri 18 da 21. Masu tsoho a gida, don Allah kada ku sauka ƙasa da 18.
4. An rabu kan barin hita a kunne kaɗan-kaɗan duk yini. Yawanci sun ce sai da buƙata. Masu fama da danshi da fumfuna a bango ba su yarda ba.