"Zo mu zauna, zo mu saɓa": haƙuri ake nufi ko gargaɗi?

Ɗan Gaya: Salamu alaikum jama'a. Liman ne ya kawo ta a huɗuba, yana magana kan iyakarmu ta Nijar da Benin da aka rufe tun 2023. Bayan salla muka yi ta musu da yayana. Shi ya ce nasiha ce, a yi haƙuri da juna. Ni kuwa na ce gargaɗi ne, kada ka cika matsawa kusa. Wa ke da gaskiya?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Kai ke da ita. Da tarayyar yankuna 8 da Faransa ke mulka daga Dakar ta watse, Senegal da Mali suka ce gwamnati ɗaya za su yi. Sun samu 'yanci 20 ga Yuni 1960, zuwa 20 ga Agusta Senghor na Senegal da Modibo Keita na Mali sun raba gari, jirgin ƙasan Dakar zuwa Bamako ya tsaya cik har 1963. Houphouët, jagoran Kodebuwa, kuwa ya ƙi wannan auren. A 1959 ya haɗa Kodebuwa, Nijar, Dahomai (Benin ta yanzu) da Burkina ta yanzu a Majalisar Antanti, kowa da tutarsa, asusun taimakon juna kawai. Ga ta nan da ranta.

Uwar Biyu: Malam, Antantin ta hana saɓawa? Kakata tana Yamai a ƙarshen 1963, lokacin rikicin Nijar da Dahomai kan tsibirin Lete, da gwamnatin Diori, shugaban Nijar na lokacin, ta ce ma'aikata 'yan Dahomai su koma gida. Maƙwabciyarta matar wani malamin makaranta ce, ita ta koya mata suyar ƙosai da manja. Katanga ɗaya suke, kullum faɗa a kan ruwan wanki da ke gangarowa ƙofar kakata, har gaban mai unguwa sun je. Ranar tafiya motar ta cika maƙil, keken ɗinkin matar bai samu wuri ba. Wa ta bar wa ajiya? Kakata. Ta naɗe shi da zanen aurenta ta tura ƙarƙashin gado, tana ɗiga masa mai duk salla. Kakana ya ce a sayar, ta ce sai dai a sake ta. Bayan shekaru ɗan matar ya zo daga Kwatano ya karɓa. Kakata takan ce wanda ba ku taɓa saɓawa ba, ba ka san shi ba balle ka ba shi amana.

Ɗan Gaya: Allah ya jiƙan Iya. Wannan ai maganar yayana ce ke nan.

Direban Tirela: Amin. Da shugabanninmu aka ba ajiyar nan, da tuni sun kafa kwamitin binciken inda keke ya shiga.

Baƙon Kano: Naku ma da sauƙi. Namu zo mu zauna ne kafin zaɓe, zo mu saɓa ranar rabon kujeru.

Malam Mai Alli: Ku bar siyasa. Leten nan fa sai 2005 kotun duniya ta ce na Nijar ne.

Direban Tirela: Malam, kotu ta raba tsibiri, mu kuwa kayan Kwatano sai mu zagaya ta Lome, ta Burkina, da rakiyar soja. Wa zai biya kuɗin gas?

Uwar Biyu: Wai manja nawa ne yanzu a Gaya? A nan ya gagari talaka.