Lok ɗin ƙofofin Golf 3 ya daina aiki: in gyara na iska ko in sa na rimot?

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Golf 3 ce da ni, ƙirar 1996. Da in na murɗa makulli a ƙofar direba duk ƙofofin ke kullewa har but. Yanzu sai in ji famfon nan na cikin but yana ta gurnani ya daɗe, ƙofar direba kaɗai ke kullewa, sauran sai na zagaya ina dannawa. Rewayana ya ce a cire tsarin iskar gaba ɗaya a sa na wuta mai rimot. Motar ba ta taɓa yin rimot ba. Wanda ya taɓa shiga wannan ya ba ni shawara kafin Asabar.

Ɗan Zariya: Canja batirin rimot ɗin kawai. Tawa Honda EOD haka ta yi, batirin agogo na saya shi ke nan.

Baban Hanifa: Malam, na ce ba ta da rimot.

Hajiya Mai Corolla: Kada ka yarda da na rimot ɗin nan, wallahi. Ni aka sa wa bara. Rewayan ya huda ƙofofina huɗu, ya ja wayoyi ta ƙarƙashin kafet ya naɗe da salatif. Wata biyu lafiya lau. Ranar nan na tsaya sayen burodi, injin na aiki, yarona ɗan shekara biyu na bayan mota. Rufe ƙofata ke da wuya na ji "ƙwas", duk huɗun sun kulle kansu, makulli a ciki. Ƙarfe biyu na rana, watan Afrilu. Yaro na kallona ta gilashi yana dariya, ni jikina na ɓari. Sai da wani mai faci ya fasa ƙaramin gilashin baya. Na koma wa rewayan, buɗar bakinsa sai ya ce ai haka aka ƙera shi don tsaro. Bayan nan kuma kullum da safe batir ya kwanta, ashe akwatin na'urar rimot ɗin yana shan wuta dare da rana.

Abu Sadik: Subhanallahi. Allah ya tsare gaba, Hajiya. Nawa kika sa shi?

Hajiya Mai Corolla: Dubu 45 har kuɗin aiki, ban da gilashi.

Ɗan Zariya: An cuce ki. Dubu 18 ƙanina ya sayo a Panteka.

Abu Sadik: Dubu 18 a wace shekara? Satin jiya na tambaya a Ƙofar Ruwa, ko ɗan injin lok na ƙofa ɗaya bai yi wannan arhar ba.

Oga Rewaya: Shekara 20 ina wannan aiki. Baban Hanifa, famfonka bai mutu ba tunda yana gurnani. Shi iska yake hurawa ƙofofi su buɗe, ya zuƙe su kulle, kuma ba ya tsayawa da wuri sai ya ji iskar ta cika. In ya daɗe yana kuka, wani wuri ke yoyo. A fara duba tiyon da ke cikin robar nan tsakanin ƙofa da jikin mota, nan yake tsagewa saboda buɗewa da rufewa. Sai na murfin tanki, wanda kowa ke mantawa da shi. A riƙa toshe tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa; wanda ka toshe famfo ya yi shiru nan take, shi ne ɓarawon. Ka taɓa soson da aka naɗe famfon da shi ma, in a jiƙe yake ruwa na shiga ta fitilar baya.

Alhajin V-boot: Wannan gaskiya ne, tawa Marsandi ma iska ce, famfon na ƙarƙashin kujerar baya. Amma ku rewayoyi a baki kun iya, a gareji sai almakashi.

Oga Rewaya: Alhaji, mai mota ɗaya zai koya wa wanda ya buɗe ɗari? Aikin ɗan koyo aka yi wa Hajiya, wayar da ke kulle ƙofa in an kunna mota ba dole ba ce a haɗa ta.

Alhajin V-boot: Kowa ya ɓata aiki sai a ce ɗan koyo ne. Ina ogan yake lokacin?

Mai Keke Napep: Ku dawo wajenmu, ba ƙofa balle lok.

Abu Sadik: Ni abin da ke ci mini rai fiyus ne. Ya ƙone, maimakon a nemi dalili sai a murɗa silin waya a cusa. Haka wayoyin dashbod ɗin maƙwabcina suka narke a hanyar Wudil.

Hajiya Mai Corolla: Ga kuma kayan da ake ce maka na Kwatano ne, alhali a nan aka kwance aka wanke da fetur.

Baban Hanifa: To famfon na Kwatano nawa ne, in ya zama shi ne?

Ɗan Zariya: Ni alternato aka wanke mini haka, kwana tara ya yi.