A-kori-kurata tana zafi a hawan Hada kaɗai, me ya rage in duba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Jidda, a-kori-kurata mai shan dizal ce, ƙirar 2014, ta ci kilomita 310,000. Sau huɗu na kai ta Riyad na dawo, wajen kilomita 950 kowace tafiya, ko tari ba ta taɓa yi ba. Shi ya sa abin nan yake ci mini rai.

Tun watan jiya, da na kama hawan Hada zuwa Ɗa'if, allurar zafi sai ta fara tashi. Kafin rabin dutsen ta kusa ja, musamman in na kunna esi a giya ta uku. In na kashe esin na kunna hita, sai ta ɗan sauko. A miƙaƙƙen titi kuwa, ko gudun 120 nake, tana tsakiya cak.

Na wanke lagireto, na sauya murfinsa, na sa sabon tamostat da fanbel. Riyal 900 sun tafi a banza. Ruwa ba ya raguwa, baƙin mai bai yi fari ba, babu farin hayaƙi a salansa. Duk da haka wani bakanike a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya ce gasket ɗin kan injin ne ya lalace, a buɗe kan injin. Ban yarda ba, don ko gwaji bai yi ba.

Abin da na lura, fankar lagireton ba ta rurin da na saba ji in injin ya ɗau zafi, kuma da na kashe mota sai fankar ta daɗe tana juyawa.

Kulocin fanka, wato abin da ke sa fankar ta kama da ƙarfi in injin ya ɗau zafi, shi kaɗai zai iya jawo wannan zafin a hawa? Bayan sati biyu zan ɗauki hanyar Abha, ita ma akwai hawan dutse. Na gode.