Tsohon injin babur C70 ko na markaɗe, wanne zan ɗora wa ƙaramin babur?

Salam jama'a, don Allah masu ilimin inji a taimaka min, sati uku kenan ina fama. Ina haɗa wa ƙanena ƙaramin babur ne, na gama walda firam ɗin, tayoyin baro na sa masa, sai na samo tsohon injin janareta na ɗora. Yana tashi da ja biyu, amma ashe bakin shaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, tsukakke ne kamar fensir, shi kuma kulocin da na saya na miƙaƙƙen shaf ne mai milimita 19, ya ƙi zama sam. Mai walda ya ce bari ya ɗana masa wuta kawai, to yanzu kulocin rawa yake, ko mita 20 ban yi ba cen ya zame, sau huɗu ina mayarwa har ya yanke ni a yatsa.

Yanzu na ga guda biyu a wajen 'yan gwangwan, tsohon injin Honda C70 mai giya uku da kulocinsa a ciki amma yana ɗan hayaƙi, da injin GX160 na markaɗe mai miƙaƙƙen shaf. Kuɗina na ɗaya ne kawai. Ga yaro ɗan shekara 12, wanne zan ɗauka? Na gode.