Neman taimako: adadin waɗanda annoba ta kashe a ƙauyen Eyam

Jama'a, ina rubuta aikin makaranta kan ƙauyen Eyam da ke Derbyshire a Ingila, amma na maƙale a wajen lissafi.

Labarin kansa ba shi da wuya. Annoba ta shiga ƙauyen a Satumban 1665, mutum na farko da ta kashe shi ne George Viccars, mai aikin ɗinki. A 1666 limamin cocin Saint Lawrence, William Mompesson, tare da Thomas Stanley wanda ya taɓa riƙe limancin cocin, suka shawo kan mutane su killace kansu, ba shiga ba fita. Matar Mompesson ma, Catherine, ta rasu a Agustan 1666, kabarinta yana harabar cocin.

Inda gizo ke saƙa shi ne alƙaluma. Wasu sun ce mutum 260 suka mutu, wasu 273. Shin na biyun ya haɗa da waɗanda wata cuta ta kashe ne? Sannan yawan mazauna ƙauyen: tsofaffin marubuta sun ce 350, na baya-bayan nan suna kai shi kusan 800. Ni dai 350 ɗin bai kwanta mini ba.

Ga kuma batun kalanda, tunda kafin 1752 shekara a Ingila tana farawa ne ran 25 ga Maris. To mamatan Janairu da Fabrairu da aka rubuta ƙarƙashin 1665 a rajistar cocin, a wace shekara zan sa su? Don Allah wanda ya taɓa aiki da irin wannan rajista ya nuna mini hanya.